Buddy Holly: Yaron garin auduga da ya fitar da tsarin ƙungiyar kiɗan zamani

Tsakanin shekarun 1964 da 1967 an yi wani yayi a Amurka, inda da wuya ka ratsa unguwa ba ka ji samari huɗu ko biyar sun kulle kansu a garejin gidan iyayensu ba, da jita biyu da jitar bes da ganguna, suna hana maƙwabta barci. Akan danganta wannan yayi da zuwan ƙungiyar Beatles ta Ingila, wadda ta bayyana a talabijin ɗin Amurka ranar 9 ga Fabrairun 1964. Gaskiya ne, sai dai su ma Beatles ɗin gado suka ci, kuma ɗaya daga cikin manyan waɗanda suka gada ya riga ya shekara biyar a kabari kafin wannan rana. Shi ne Buddy Holly, wanda ya mutu yana da shekara 22 kacal, bayan ya yi tashen da bai wuce wata goma sha takwas ba.

Kafin zamanin garejin, kiɗan rok an rol ba shi da hedikwata guda. Kowane yanki da irin nasa ɗanɗanon, ya danganta da gidan rediyon da ake kamawa a wurin da kuma mutumin da ya mallaki na'urar ɗaukar sauti. A Memphis akwai Sam Phillips da kamfaninsa na Sun, inda Elvis Presley ya fito. A New Orleans akwai ɗan ɗakin Cosimo Matassa, inda Fats Domino da Little Richard suka naɗi waƙoƙinsu. A Chicago kuwa kamfanin Chess ne ke riƙe da Chuck Berry da Bo Diddley. Waɗannan duk manyan birane ne masu tsohon tarihin kiɗa. Yankin da Holly ya fito, wato yammacin Texas, babu wanda ya taɓa sa shi a lissafi.

An haifi Charles Hardin Holley ranar 7 ga Satumban 1936 a garin Lubbock, shi ne auta a cikin 'ya'ya huɗu na Lawrence Odell Holley da matarsa Ella. Tun yana ƙarami ake kiransa Buddy. Gidan ba na masu hali ba ne, mahaifin ya yi ta sauya sana'a a shekarun matsin tattalin arzikin da ya addabi Amurka, amma gida ne da kowa ke taɓa kiɗa ko waƙa, kuma suna riƙe da cocinsu na Tabernacle Baptist. Lubbock na zaune ne a wani shimfiɗaɗɗen fili marar tudu, mai iska da ƙura, auduga ce arzikinsa. A 1950 mutanensa sun ɗan haura dubu 70. An haramta sayar da barasa a cikin garin, saboda haka wuraren rawa irin su Cotton Club sai a bayan gari. Wariyar launin fata kuma tana nan daram, makarantun farar fata daban, na baƙar fata daban.

Abin da dokar wariya ta kasa tarewa shi ne rediyo. Da rana Holly yana jin kiɗan kantiri, wato kiɗan fararen fatar karkara irin na Hank Williams, wanda shi ne abincin kunnen garin. Idan dare ya raba kuwa, lokacin da tashoshin nesa ke shigowa tar, shi da abokansa sukan zauna cikin mota su kamo tashar KWKH ta Shreveport a jihar Louisiana, su saurari kiɗan buluz na baƙar fata. Daga waɗannan koguna biyu ya sha. A 1953 aka buɗe gidan rediyon KDAV a Lubbock, wanda ba ya sa komai sai kantiri, kuma ya ware wani shiri na ranar Lahadi ga matasan gari. Nan Holly ya fara shiga kunnen jama'a, da farko tare da Jack Neal, daga baya tare da abokin karatunsa Bob Montgomery.

Shekarar 1955 ce ta juya masa akala. A cikinta ya kammala sakandare, a cikinta kuma Elvis Presley, wanda a lokacin bai wuce mawaƙin yankin kudu ba, ya riƙa zuwa Lubbock wasa. Holly da abokansa ne suka buɗe masa fage a watan Fabrairu a zauren Fair Park, suka kuma sake yin haka daga baya. Abin da ya gani a dandamalin ya sa ya ajiye natsuwar kantiri ya rungumi kiɗa mai zafi. Ya ranci kuɗi wurin yayansa Larry ya sayi jitar lantarki ƙirar Fender Stratocaster, wadda ba ta daɗe da fitowa kasuwa ba. A watan Oktoba, a wani wasa da suka buɗe wa Bill Haley, wani dillalin mawaƙa daga Nashville mai suna Eddie Crandall ya gan shi, ya yi masa hanya har kamfanin Decca ya ba shi kwantiragi a farkon 1956.

A takardar wannan kwantiragi ne aka yi kuskuren rubuta sunansa, harafi ɗaya ya faɗi, Holley ya koma Holly. Mu da abincinmu yake cikin farautar irin wannan kuskure a shafin jarida mun san yadda yakan jawo wa mutum faɗa, amma shi yaron bai ce a gyara ba, ya sa hannu, da sunan kuskuren duniya ta san shi.

Nashville ba ta karɓe shi ba. A can akwai tsari: furodusa ne ke zaɓen makaɗa daga cikin ƙwararrun da ake haya, shi ke cewa ga yadda za a rera, mawaƙi nasa buɗe baki kawai. Aka naɗi waƙoƙi a ɗakin Owen Bradley, aka fitar da faifai biyu, babu wanda ya yi kasuwa. A cikin abin da aka naɗa aka ajiye har da wata waƙa mai suna That'll Be the Day, wadda shi da mai gangarsa Jerry Allison suka rubuta bayan sun kalli fim ɗin John Wayne mai suna The Searchers. A watan Janairun 1957 Decca ta sanar da shi ba za ta sabunta kwantiragin ba, ta kuma tuna masa sharaɗin cewa ba zai sake naɗar waƙoƙin da ya yi mata ga wani kamfani ba har shekara biyar. Ya dawo gida yana da shekara 20, ba faifai ba kuɗi. Akwai wasu naɗe-naɗe da suka rage daga ƙarshen 1956, waɗanda shi da Allison suka yi a garejin gidan su Holly, jita da ganga kawai.

Mafita ta zo daga wani gari da bai kai Lubbock ba. Clovis, a jihar New Mexico, tafiyar kimanin kilomita 160 ce, kuma a nan wani makaɗin fiyano mai suna Norman Petty ya gina ɗakin ɗaukar sauti da kuɗin da ya samu daga wani faifansa da ya yi kasuwa a 1954. Petty yana da wata al'ada da ta bambanta shi da na manyan birane: ba ya caji da awa, da waƙa yake caji. Wannan ƙaramin bambanci shi ne ƙashin bayan duk abin da ya fito daga yankin. Yaron da ke biyan kuɗin awa ba ya da halin gwaji, yakan yi abin da ya tabbatar da shi ya fita. Wanda aka bar masa ɗaki ya kwana a ciki kuwa yana iya yin kuskure sau ashirin har ya dace. Roy Orbison na garin Wink ya naɗi waƙa a wannan ɗaki a 1956 kafin ya wuce Memphis. Buddy Knox, daga wani ƙauyen Texas mai suna Happy, a nan ya naɗi Party Doll, wadda ta hau saman jerin faifan da suka fi kasuwa a Amurka a 1957. Ganin nasarar Knox ne ya ƙara wa Holly ƙaimi.

Ranar 25 ga Fabrairun 1957 ya sake naɗar That'll Be the Day a Clovis, yadda shi yake so, da nasa mutanen, da nasa hannun a kan jita. Saboda sharaɗin Decca ba zai yiwu sunansa ya fito a faifan ba, sai suka laƙaba wa kansu Crickets, wato gyare. Abin dariya, kamfanin da ya saye faifan, Brunswick, reshe ne na Decca ɗin da ta sallame shi, kuma wani reshenta, Coral, ya ɗauke shi a matsayin mawaƙi mai zaman kansa. Faifan ya fito a watan Mayu, ya yi ta jan ƙafa, sai a Satumba ya zama na ɗaya a Amurka, a Nuwamba kuma na ɗaya a Birtaniya.

Abin da aka yi a Clovis cikin wannan shekara ya cancanci a tsaya a kansa. Crickets mutum huɗu ne: Holly da jitar jagora da murya, Niki Sullivan da jita ta biyu, Joe B. Mauldin da bes, wato ƙatuwar garayar nan mai kaurin murya da ake tsayarwa a ƙasa, sai Allison da ganguna. Su ke rubuta mafi yawan waƙoƙinsu, su ke kaɗawa. Elvis ba ya rubuta waƙa, kuma hankalin jama'a a kansa shi kaɗai yake, makaɗansa na baya. A nan kuwa abokai ne 'yan gari ɗaya da suka ɗauki suna guda. A waƙar Everyday babu ganga ko ɗaya, Allison cinyoyinsa yake tafawa, aka haɗa da wani ɗan fiyano mai sautin ƙararrawa da ke ajiye a ɗakin. A Not Fade Away kwali ya buga. A Words of Love, Holly ya ɗora muryarsa a kan muryarsa, da jitarsa a kan jitarsa, dabarar da a lokacin ba ta yaɗu a rok an rol ba. Peggy Sue kuwa da farko sunanta Cindy Lou, sunan 'yar 'yar'uwar Holly, aka sauya don faranta wa budurwar Allison, kuma gangar da ke birgima tun daga farkonta har ƙarshe ita ce ta sa waƙar ta fita daban. Ga kuma salon rerawarsa mai kama da shaƙuwa, inda yakan karya kalma ɗaya gida uku ko huɗu.

Waƙoƙin ba su da wuyar kaɗawa, yawancinsu riƙo uku ko huɗu ne a wuyan jita, wanda duk yaron da ya dage zai iya koya cikin 'yan makonni. Shi kansa mawaƙin siriri ne mai tabarau, ba shi da kyan Elvis ko rawarsa. A ganina wannan ne sirrin tasirinsa. Yaro yakan kalli Elvis ya yi sha'awa daga nesa, amma idan ya kalli Holly sai ya ga ai shi ma zai iya.

Daga nan abubuwa suka yi ta gudu. A watan Agustan 1957 sun yi mako guda a zauren Apollo na unguwar Harlem a New York, gaban 'yan kallo baƙar fata da suka fara karɓarsu da sanyi kafin daga baya su sake. A Disamba sun bayyana a shirin talabijin na Ed Sullivan. Niki Sullivan ya gaji da yawo ya janye, suka rage su uku. A farkon 1958 suka je Ostareliya, a watan Maris kuma suka yi kwana 25 suna zagaya Birtaniya, har aka nuna su a talabijin daga zauren Palladium na Landan. Samarin Ingila da yawa a lokacin ne suka fara ganin Stratocaster. A Liverpool, wasu yara da ke kiran kansu Quarrymen, cikinsu har da John Lennon da Paul McCartney da George Harrison, suka haɗa kuɗi a wannan shekara suka naɗi faifansu na farko, kuma That'll Be the Day ce a gefe ɗaya. Da suka zo sauya suna, sunan ƙwaro suka nema don koyi da Crickets.

Sai dai ƙaramin garin da ya ba shi 'yancin kiɗa shi ne kuma ya ɗaure shi ta fuskar kuɗi. Petty ne mai ɗakin naɗi, shi ne furodusa, shi ne manaja, kamfaninsa ne ke riƙe da haƙƙin wallafa waƙoƙin, kuma kuɗin da ke shigowa ta hannunsa suke bi. Sunansa ya riƙa fitowa a cikin marubutan waƙoƙi, har da That'll Be the Day, wadda an riga an naɗe ta a Nashville tun kafin ya sa hannu a lamarin. Peggy Sue ta fito da sunan Allison da Petty kawai, sai bayan mutuwar Holly aka ƙara nasa. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a harkar a wancan zamani, masu kamfani da masu gabatar da shirye-shirye da dama sun yi haka, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Adalci kuma shi ne a faɗa cewa ba don kunnen Petty da haƙurinsa ba, da waɗannan faifai ba su fito yadda suka fito ba. Amma yaran ba su da lauya, ba su da akawu, ba su da wanda zai karanta musu takarda kafin su sa hannu.

A 1958 Holly ya haɗu da Maria Elena Santiago, 'yar asalin Puerto Rico da ke aikin karɓar baƙi a ofishin wani kamfanin wallafa waƙoƙi a New York. Aka ɗaura aure a Lubbock ranar 15 ga Agusta, ba tare da an yayata ba. Ita ta san yadda harkar ke tafiya a birni, ta kuma ƙarfafa masa gwiwar neman lissafin kuɗinsa. Zuwa ƙarshen shekara ya raba gari da Petty. Allison da Mauldin suka zaɓi zama a gida tare da Petty, suka riƙe sunan Crickets, shi kuma ya tare a unguwar Greenwich Village ta New York. A watan Oktoba ya naɗi waƙoƙi huɗu da rakiyar masu goge irin na Turawa. Bai juya wa yankinsa baya ba: a Satumba shi ya shirya faifan farko na wani matashin mai gabatar da shiri a rediyon Lubbock, Waylon Jennings, yana kuma da shirin gina nasa ɗakin naɗi a garin.

Kuɗinsa dai suka maƙale. Wasu sun ɗora alhakin a kan Petty, wasu sun ce ƙarar da wani dillalin wasanni ya shigar a New York ce ta hana a sake su. Ko ma wanne ne, mutumin da faifansa suka sayu a nahiyoyi uku ya wayi gari da mata mai juna biyu da aljihu marar nauyi. Dole ƙanwar naƙi, ya karɓi tayin wani rangadi a tsakiyar hunturu mai suna Winter Dance Party, garuruwa 24 cikin kwana 24 a jihohin arewa ta tsakiya. Ya ɗauki Jennings ya riƙe masa bes, Tommy Allsup jita, Carl Bunch ganguna. A tawagar akwai Ritchie Valens ɗan shekara 17 daga Los Angeles, da J. P. Richardson da aka fi sani da Big Bopper daga Beaumont ta Texas, da Dion da ƙungiyarsa daga New York.

An fara a Milwaukee ranar 23 ga Janairun 1959. Wanda ya tsara hanyar kamar bai taɓa duba taswira ba, yau a yi gabas gobe a yi yamma jibi a dawo. Motocin safa da aka ba su tsofaffi ne, na'urar ɗumama ciki ta lalace, suna mutuwa a hanya cikin dusar ƙanƙara. Ƙafafun Bunch suka daskare har aka kwantar da shi a asibiti. Ranar 31 ga wata sun yi wasa a Duluth, inda wani ɗan shekara 17 da daga baya ya zama Bob Dylan yake cikin 'yan kallo. Ranar 2 ga Fabrairu suka isa zauren Surf da ke Clear Lake a jihar Iowa, a gajiye, da ƙazantattun tufafi, ga tafiyar kusan kilomita 600 tana jiransu zuwa Moorhead. Holly ya ɗauki shatar ƙaramin jirgi mai kujeru huɗu daga filin jirgin Mason City, dala 36 kowace kujera, don shi da makaɗansa su riga isa su huta. Jennings ya bar wa Richardson kujerarsa saboda mura na damunsa. Allsup da Valens suka jefa kwabo, Valens ya ci.

Jirgin ya tashi gab da ƙarfe ɗaya na daren da ya wayi 3 ga Fabrairu, ya faɗi a wata gona da ba ta kai kilomita goma daga filin ba. Holly da Valens da Richardson da matuƙin, Roger Peterson mai shekara 21, duk suka mutu nan take. Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta gano cewa matuƙin ba shi da takardar ƙwarewar tuƙi da na'ura kaɗai a cikin duhu, kuma ba a ba shi cikakken bayanin munin yanayin ba. Maria Elena a talabijin ta ji labarin, cikin ya zube, ba ta halarci jana'izar da aka yi a Lubbock ranar 7 ga wata ba.

Masu rangadin ba su dakatar da shi ba. A daren ranar da aka yi haɗarin an yi wasan Moorhead, gidan rediyo ya yi shelar neman makaɗan gari da za su cike gurbi, wani yaro ɗan shekara 15 daga Fargo ya zo da abokansa. Shi ne ya zama Bobby Vee.

A yammacin Texas da New Mexico kuwa aikin bai tsaya ba. String-A-Longs na garin Plainview suka naɗi Wheels a Clovis, ta zagaya duniya a 1961. Fireballs na garin Raton suka naɗi Sugar Shack a can, ta zama faifan da ya fi kowanne tashe a Amurka a 1963, kuma su ne Petty ya sa suka riƙa ɗora kiɗa a kan naɗe-naɗen da Holly ya bari ana fitar da su a matsayin sababbin faifai. Crickets suka ci gaba da Sonny Curtis, tsohon abokin kiɗan Holly, wanda ya rubuta I Fought the Law. Wani matashi a El Paso mai suna Bobby Fuller, wanda ya ɗauki Holly a matsayin madubi har ya haɗa ɗakin naɗi a gidan iyayensa, ya ɗauki wannan waƙa ya kai ta cikin goman farko a 1966, a tsakiyar yayin gareji. A can Ingila, Rolling Stones sun naɗi Not Fade Away a 1964, Beatles sun naɗi Words of Love a wannan shekara, kuma a 1976 McCartney ya sayi haƙƙin wallafa waƙoƙin Holly daga hannun Petty.

Lubbock ta ɗauki lokaci kafin ta karrama ɗanta. Sai a 1980 aka kafa mutum-mutuminsa a garin, bayan fim ɗin rayuwarsa da aka yi a 1978, sai kuma a 1999 aka buɗe cibiya da sunansa. A 1986 yana cikin rukunin farko da aka shigar gidan tarihin gwarazan rok an rol. Tabaransa, da aka ɗauka ya ɓace a wurin haɗarin, an tsince shi a 1980 cikin wata ambulan a ma'ajiyar kotun ƙaramar hukumar da jirgin ya faɗi, yanzu yana ajiye a cibiyar ta Lubbock. A kan dutsen kabarinsa an zana jitarsa, iyayensa kuma suka sa aka mayar da harafin da Decca ta yar, aka rubuta Holley.